Merle Oberon: jarumar da ta ɓoye asalinta, da ruɗanin da ya biyo bayan Oscar ta 2023

A ranar 12 ga Maris, 2023, aka miƙa wa Michelle Yeoh, 'yar ƙasar Maleshiya, lambar yabo ta Oscar ta jarumar da ta fi iya wasa. Amma tun a watan Janairu, da aka fitar da sunayen 'yan takara, ce-ce-ku-ce ya tashi. Maimakon a ce ita ce 'yar Asiya ta farko da aka tsayar a wannan rukuni, sai wasu manyan kafafen labarai na Amurka suka riƙa rubuta cewa ita ce ta farko da ta amsa da bakinta cewa 'yar Asiya ce. Masu karatu da yawa suka ɗauka kwana-kwana ce kawai ta 'yan jarida. Alhali akwai dalili, kuma dalilin mace ce mai suna Merle Oberon, wadda aka tsayar takarar wannan lambar a bikin 1936, shekara 87 kafin Yeoh. A birnin Bombay na Indiya aka haife ta, jinin mutanen Silon (Siri Lanka ta yanzu) na gudana a jikinta, amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa fitowa fili ta faɗi haka ba.

Kalmomin da suka rikita maganar

Ta farko ita ce "'yar Asiya". Ana auna ta da ma'auni uku, kuma ba su cika haɗuwa ba. Akwai wurin haihuwa, akwai jini, akwai kuma abin da mutum ya faɗa game da kansa. Idan wurin haihuwa ne, Vivien Leigh, wadda ta ci lambar sau biyu, a Darjeeling ta Indiya aka haife ta a 1913, Natalie Portman kuma a birnin Ƙudus. Sai dai a bakin Amurkawa kalmar ta fi nufin mai tsatson gabashi, kudanci ko kudu maso gabashin nahiyar. Da wannan ma'auni na jini, Oberon ce ta farko da aka tsayar, Yeoh ce ta farko da ta lashe. Ma'auni na uku ne 'yan jarida suka fake da shi don kada su yi ƙarya ta kowane ɓangare.

Ta biyu ita ce al'ummar da Oberon ta fito cikinta, wato ruwa-biyun Indiya, waɗanda ake kira Anglo-Indian. Dokar Indiya ta fayyace su da cewa mutanen da ke zaune a ƙasar waɗanda kakanninsu ta wajen uba Turawa ne. A zamanin mulkin mallaka su ne suka cika aikin jirgin ƙasa, gidan waya da tangaraho. Kiristoci ne, Ingilishi ne harshensu na gida, amma Turawa ba su ɗauke su nasu ba, suna ma yi wa karin harshensu dariya. Indiyawa kuma suna kallon su a matsayin 'yan koren Bature. Zaman jemage ke nan: shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba.

Ta uku ita ce sajewa: mutumin da fatarsa ta yi hasken da zai iya shiga cikin Turawa ba a gane shi ba, ya yanke hulɗa da danginsa a bainar jama'a, ya ƙirƙiro sabon tarihi. Dubban mutane sun yi haka a Amurka da daular Birtaniya. Bambancin Oberon shi ne ta yi nata ne a gaban kyamara, fuskarta cike da allon sinima.

Abin da takardar haihuwa ta nuna

An haife ta ranar 19 ga Fabrairu, 1911, aka raɗa mata Estelle Merle O'Brien Thompson. A gida Queenie ake kiran ta, daga kalmar sarauniya a Ingilishi, albarkacin ziyarar da Sarki George na Biyar da Sarauniya Mary suka kai Indiya a wannan shekarar. Ta taso tana kiran Charlotte Selby uwa, wata mata ruwa-biyu daga tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka. Uba kuma Arthur Thompson, Bature injiniya da ke aiki a jirgin ƙasa.

Takardar haihuwar ta zo da wani abu daban. Sunan uwar da ke kanta Constance ne, 'yar Charlotte, wadda Merle ta ɗauka yayarta ce. Wasu masu tarihi sun ce shekarar Constance 12 lokacin da ta haihu, wasu sun ce 14. Ita ma Charlotte tana ƙaramar yarinya ta haifi Constance, da wani Bature mai kula da gonar shayi a Silon. Wato sau biyu a jere, a gida ɗaya, babban Bature ya yi wa ƙaramar yarinya ciki. Kaka ta karɓi jaririyar ta raine ta a matsayin 'yarta don rufin asiri. Ɗaya daga cikin 'ya'yan da Constance ta haifa daga baya, wanda ya zauna a Kanada, shi ne ya bi diddigin takardar a Bombay, ya gano cewa shahararriyar jarumar da yake ɗauka ƙanwar mahaifiyarsa ce ashe uwarsu ɗaya. An nuna wannan a wani fim na binciken tarihi da aka yi a Ostareliya a 2002.

Arthur Thompson ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ciwon huhu ya kashe shi a fagen daga a Faransa. Charlotte ta yi ta fama da talauci, a 1917 ta koma Kalkata da yarinyar. Merle ta samu gurbin karatu kyauta a makarantar 'yan mata ta La Martinière, amma gorin asali da ɗalibai suke yi mata ya sa ta bari. Ta yi aikin haɗa layin tarho, tana wasan daɓe da wata ƙungiyar masu sha'awa, har zuwa ƙarshen shekarun 1920 da ita da Charlotte suka haɗa ɗan abin da suka mallaka suka nufi Turai. A Landan ta yi aiki a gidajen rawa, tana karɓar ƙananan fitowa a finafinai, irin wanda ba a ko rubuta sunan mutum.

Dokokin da suka haifi labarin Tasmaniya

Alexander Korda, furodusa ɗan asalin Hangari, shi ya ɗauko ta, ya gyara sunan ya koma Merle Oberon, ya ba ta matsayin Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas na Ingila, a fim ɗin The Private Life of Henry VIII na 1933. Da fim ɗin ya karɓu a Amurka, sai tambayar asali ta taso. Labarin da aka riƙa raba wa 'yan jarida shi ne an haife ta a Tasmaniya, tsibirin da ke kudancin Ostareliya, uban hafsan sojan Birtaniya ne da ya rasu a hatsarin farauta, daga baya aka kai ta Indiya riƙo, takardun haihuwar kuma gobara ta cinye. An zaɓi wurin da wayo. Yana da nisan da ba ɗan jaridar da zai hau jirgin ruwa ya je bincike, ana kuma kallon sa a matsayin garin Turawa zalla. Ambaton Indiya a cikin labarin ya toshe bakin duk wanda ya san ta a Kalkata.

Me ake tsoro? Abu uku ne, kuma dukansu a rubuce suke.

Na ɗaya ƙa'idar tace finafinai ta Hays. Ba hukumar gwamnati ba ce kamar hukumar tace finafinai ta Kano. Kamfanonin fim ne da kansu suka tsara ta a 1930, suka fara aiki da ita gadan-gadan daga Yulin 1934. Fim ɗin da bai samu hatiminta ba, manyan gidajen sinima ba sa haska shi. Cikin sharuɗɗanta akwai haramta nuna soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata. A rubuce baƙi da farare kawai aka ambata, amma a aikace kamfanoni sun faɗaɗa ta kan sauran launuka. Ba a cire wannan sharaɗi ba sai 1956. Jarumar da ba za ta iya fitowa a matsayin masoyiyar jarumi Bature ba, to babu babban matsayi gare ta, domin kusan duk fim a kan soyayyar ya ginu.

Na biyu dokar shige da fice. Dokar Amurka ta 1917 ta hana 'yan asalin wani babban yanki na Asiya, har da Indiya, shiga ƙasar da niyyar zama. A 1923 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa Ba'indiye ba farar fata ba ne, don haka ba zai zama ɗan ƙasa ba. Sai a 1946 aka sassauta, aka ba Indiyawa gurbin mutum 100 a shekara. Na uku dokokin aure: jihohi da dama sun haramta auren jinsi biyu, Kalifoniya ma sai a 1948 kotu ta soke tata.

Ga misali kuma a gabanta. Anna May Wong, Ba'amurkiya 'yar asalin Sin, wadda ba ta da halin ɓoye nata asalin, ta rasa babban matsayi a fim ɗin The Good Earth na 1937, labarin manoman ƙasar Sin. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne tunda Bature aka ba matsayin mijin, dole matar ma ta zama Baturiya. Luise Rainer aka yi wa kwalliya ta fito a matsayin, ta kuma ci Oscar da shi.

Fata, tabo da fitilar da ta ci sunanta

Ɓoye asali a gaban kyamara aiki ne na kullum. Masu rubuta tarihinta sun bayyana cewa ta yi amfani da man bilicin, kuma mayukan wancan zamani yawanci zaiba ake zuba musu. A 1937 ta yi hatsarin mota a Landan ta ji rauni a fuska, abin da ya sa aka watsar da fim ɗin I, Claudius ana tsakiyar ɗauka. A 1940 kuma fuskar ta lalace sakamakon gubar kayan kwalliya haɗe da rashin jituwar jikinta da maganin salfa. Korda, wanda ya aure ta a 1939, ya tura ta wajen likitan fata a New York, aka yi ta kankare saman fatar sau da dama. An samu sauƙi, amma ƙananan ramuka sun rage.

Maganin ya fito ne daga mai ɗaukar hoto Lucien Ballard, wanda ya yi aiki da ita a The Lodger na 1944, ya kuma zama mijinta na biyu. Tabo ba ya fitowa a hoto don kansa, inuwarsa ce ke fitowa. Idan haske ya bugo fuska daga gefe, kowane rami sai ya tara inuwa a gefe ɗaya, kyamara ta kama shi. Ballard ya ɗaura wata 'yar ƙaramar fitila a jikin kyamarar, daf da gilashinta, ta yadda hasken zai tafi ta hanyar da kyamarar ke kallo. Haske ya shiga cikin ramin kai tsaye, inuwar ta faɗa inda kyamara ba ta gani. Da yake fitilar a jikin kyamara take, duk inda aka tura kyamarar tana biye. Ƙarin riba shi ne ɗan ɗigon haske da take sakawa a ƙwayar ido, wanda ke sa ido ya yi rai. Inda ake kuskure shi ne ƙarfinta: idan ta kai ƙarfin babbar fitilar da ke zana fuskar, sai fuska ta baje kamar faranti, hanci da kumatu su ɓace, inuwar mutum kuma ta fito a bangon baya. Shi ya sa ake rage ta sosai, a rufe ta da abin tausasa haske, a kuma ƙara rage ta idan kyamara ta matso. Har gobe masu ɗaukar hoto suna kiran irin wannan fitila Obie, daga sunan Oberon.

Shin ta iya wasa?

Nan ne aka fi tauye mata haƙƙi. A da ana maganar kyanta, yanzu ana maganar sirrinta, aikin kansa ba a cika tsayawa a kansa ba.

A fim ɗin Henry na Takwas 'yan mintoci kaɗan ta samu a farkon fim, a matsayin sarauniyar da ke jiran a sare mata kai. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zube ƙasa ba. Ta tsaya tana gyara gashinta, tana kula da kwalliyarta, tsoron yana leƙowa ta ido kawai. Wannan riƙe kai shi ne jarinta, kuma kyamara ta fi son irin sa a kan wasan daɓe mai ɗaga murya.

Da furodusan Hollywood Samuel Goldwyn ya sayi wani kaso na kwantiraginta, sai ya sauya mata kama. Finafinan farko sun riƙa yi mata kwalliyar baƙuwa mai ban mamaki, shi kuwa ya mai da ita 'yar gidan Ingila mai sauƙin kai a The Dark Angel na 1935, inda ta fito a matsayin budurwar sojan da ya makance a yaƙi ya ɓoye mata. Wannan fim ne ya kai ta takarar Oscar, amma Bette Davis ta lashe. A These Three na 1936, ƙarƙashin darakta William Wyler, ta fito a matsayin malamar makarantar da ƙaryar wata ɗaliba ta rusa wa rayuwa, kuma masu nazari da dama suna sa shi cikin mafi kyawun aikinta.

Wuthering Heights na 1939 shi ne aka fi tunawa. Ba a ji daɗin ɗaukar sa ba. Laurence Olivier, jarumin fim ɗin, ya so a ba Vivien Leigh matsayin, ya riƙa yi wa Oberon kallon wadda ba ta san aiki ba, Wyler kuma mutum ne mai maimaita fitowa ɗaya sau barkatai. Duk da haka a dubi fitowar kicin, inda Cathy, matsayin da Oberon ta fito a ciki, ke gaya wa mai aikin gidan cewa mai kuɗi ya nemi aurenta. Ta fara da fara'a da ɗan girman kai, tana lissafa abin da za ta samu. Tana cikin magana sai muryar ta sauka, idon ya daina kallon mai aikin, ya tsaya a wuri ɗaya, mai kallo ya ga lokacin da ta gane wanda take so tun kafin bakinta ya faɗa. An tsayar da fim ɗin takarar Oscar a rukuni takwas, har da Olivier da abokiyar wasansu Geraldine Fitzgerald, amma ban da Oberon.

Masu sukar ta ma suna da hujja. Sun ce muryarta a ɗaure take, kowace kalma a goge, kuma a finafinan barkwanci da wasu na shekarun 1940 kamar A Song to Remember ta yi sanyi, kamar gunki mai kyau. Masu kare ta suna amsawa da cewa wadda ta kwashe shekaru tana danne karin harshen Kalkata kada ya kuɓuce, ba za ta iya sakin baki yadda wasu ke yi ba, kuma kamfanoni sun fi ba ta matsayin sanya kaya masu tsada a kan matsayin da ke da nama. Duka biyun suna iya zama gaskiya. Abin da finafinan suka nuna shi ne idan ta samu darakta mai matsa mata, kamar Wyler, tana ba da abin da ba a zata ba.

Halinta

Mace ce mai tsananin kame kai da tsara rayuwa. Ta ɗauki Charlotte ta zauna da ita a Landan tana kula da ita har rasuwarta a 1937, amma idan baƙi suka zo, a matsayin mai aiki ake gabatar da tsohuwar. A 1949 ta sa aka zana mata hoton Charlotte, aka haskaka fatar, ta rataye a gidanta. Waɗannan abubuwa biyu sun nuna ƙauna da tsoro a zuciya ɗaya.

Ta yi aure huɗu. Da aka ba Korda sarautar Sir a 1942 ta zama Lady Korda. Aurenta na uku da attajiri Bruno Pagliai ya kai ta Meziko, inda ta riƙi yara biyu, gidanta na Acapulco ya zama matattarar manyan baƙi. A 1973 ta shirya fim ɗinta na ƙarshe, Interval, da kanta, a 1975 kuma ta auri abokin wasanta Robert Wolders, wanda ta girme wa da shekara 25. Da ɗan ƙanen Korda ya so ambata ainihin wurin haihuwarta a littafin tarihin danginsu, ta yi barazanar kai shi kotu. A 1978 ta amsa gayyatar birnin Hobart na Tasmaniya, inda aka shirya mata liyafar 'yar gida ta dawo, ko da yake jami'an garin sun duba ba su ga shaidar haihuwarta a can ba. Yawancin kwanakin ziyarar a ɗakin otel ta yi su. Ta rasu a Malibu ta jihar Kalifoniya ranar 23 ga Nuwamba, 1979, tana da shekara 68, sakamakon shanyewar jiki. Sai a 1983 wani littafin tarihinta ya fito da maganar Bombay fili.

Yadda ake kallon ta yanzu

Ra'ayi na farko ya ce a ba ta matsayinta na 'yar Asiya ta farko. Hujjarsu: jini ba ya canzawa don an musanta shi, kuma dokokin da suka tilasta mata shiru su ne abin zargi. Cire sunanta daga tarihi tamkar ƙarasa aikin waɗancan dokoki ne.

Ra'ayi na biyu ya ce lambar "ta farko" ta wanda ya buɗe wa wasu ƙofa ce. Masu zaɓen 1936 Baturiya suka zaɓa a saninsu, babu wata yarinya Ba'indiya da ta kalle ta ta ce ni ma zan iya, kuma mutane irin su Anna May Wong da Sabu, ɗan Indiyan da shi ma Korda ya fito da shi, sun ɗauki nauyin asalinsu a fili sun biya farashinsa.

Akwai na uku, mai cewa bai kamata a liƙa wa matacce sunan da ya ƙi da ransa ba. Wasu mutanen Tasmaniya kuma har yanzu suna riƙe da nasu labarin, cewa 'yar wata mata ce mai tsatson Sin daga arewa maso gabashin tsibirin, duk da takardar Bombay.

Inda maganar ta shafi mai kallo

Abu na farko shi ne karanta tarihin taurari. A zamanin manyan kamfanonin Hollywood, sashen talla ne ke rubuta wa jarumi suna, shekaru da garin haihuwa, jaridu su kwafa, littattafai su kwafa daga jaridu. Duk inda aka ga "na farko" a kanun labari, yana da kyau a duba da wane ma'auni aka auna.

Na biyu ya fi kusa da gida. Fifita farar fata wajen zaɓen jaruma magana ce da ake yi a masana'antar Indiya, ake kuma yi a kan finafinan Hausa, kuma kasuwar man bilicin tana cin wannan moriyar. Sinadaran da ke yin ɓarnar sanannu ne. Zaiba tana ratsa fata ta taru a jiki, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana kuma iya kaiwa ga jariri ta ciki ko ta nono. Hydroquinone idan an daɗe ana shafawa yakan juye ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda ke da wuyar magani. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid, irin su clobetasol, suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, su kawo nankarwa da ƙuraje, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Haɗin da ake kwaɓawa a kasuwa ba tare da takardar sinadarai ba yakan ƙunshi biyu ko duka ukun. Oberon ta samu likitan New York da mai ɗaukar hoton da ya ƙera mata fitila ta musamman, amma duk da haka waɗanda suka gan ta ba kwalliya sun ce ramukan suna nan a fuskarta.